Koren Tankar Malamin Tarihi

Na manta abubuwa da yawa na zamanin da nake sakandare. Na manta sunayen rabin 'yan ajinmu, na manta lissafin da muka sha bulala a kansa. Amma maganar tankar yaƙin malaminmu na tarihi, da wahalar da muka sha wajen nemo mata launi, wannan kam ko tsufa ya ci ƙarfina ba na jin za ta fita daga kaina.

Makarantarmu ta 'yan mata ce, ta jeka-ka-dawo, a wani gari da ke kusa da Malumfashi. Ni kuwa a lokacin irin yaran nan ce da malami zai kira suna, in amsa, ya sake kira, ya ce yau ma ba ta zo ba. Ba na magana. Kallo ne aikina. Na san malamin da ke sa safa kala daban-daban, na san wadda ke cin gyaɗa a ƙarƙashin hijabi lokacin darasi, amma ban taɓa gaya wa kowa ba.

Akwai wani ɗan ɗaki a bayan ofishin malamai, ɗakin ƙungiyar tarihi. Ba komai a cikinsa sai benci biyu, da tsohuwar taswira da gara ta cinye mata rabin Turai, da taga guda mai kallon gonar makaranta. Ba son tarihi ne ya kai ni ƙungiyar ba, tagar nan ce. Da an buga ƙararrawar tara, kowa ya ruga wajen masu awara ana ihu ana ture-ture, ni sai in sulale can in zauna, in ci abin da na zo da shi, ba mai ce mini me ya sa ba kya magana. A duk makarantar nan ne kaɗai wurin da shirun da nake yi bai zama laifi ba.

Sai ga shi wata shekara masarar gonar makaranta ta yi kyau, rufin sito kuma yana yoyo. Firinsifal ya leƙo ɗakinmu, ya auna shi da ido, na ga yana gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya jera buhuna a zuciyarsa. Ya ce wa malaminmu, "Malam, tunda aka kafa ƙungiyar nan ko cokali ba ta taɓa kawo wa makaranta ba. Ga baje kolin aikin hannu na makarantun yankin nan za a yi a Funtuwa. Ku je ku dawo da wani abu. In kun dawo hannu biyu, masara za ta karɓi ɗakin, ita dai an san amfaninta."

Malaminmu siririn mutum ne, kullum cikin farin kaftani, ga shi da son gyara. Ko gaishe shi ka yi sai ya sami abin da zai gyara a ciki. Ya yanke shawarar za mu haɗa 'yar ƙaramar tankar yaƙi, irin waɗanda aka yi amfani da su a ƙasar Bama a yaƙin duniya na biyu, yaƙin da aka kwashi mazan ƙasarmu aka kai su. Ya ce komai nata sai ya yi daidai da na gaske, ƙanƙanta ta kawai za a yi.

Haɗa ta bai ba mu wuya ba. Kwali muka yi jikin da shi, gwangwanin madara ya zama kan da ke juyawa, marafan kwalba suka zama ƙafafu, muka naɗe su da tsohuwar sarƙar keke. Bakin bindigar kuwa guntun bututun famfon feshi ne da malamin noma ya jefar. Malam yana biye da mu da rula, yana auna kowane lungu. Ƙawata, wadda Allah ya ba ta duk surutun da ya hana ni, ta raɗa mini cewa da alama in mun gama shi zai shiga ya tuƙa ta zuwa Funtuwa.

Da muka zo kan fenti ne duniya ta tsaya.

Mu a tunaninmu kore kore ne. Malam ya dube mu kamar mun zagi kakansa. Ya ce koren tankar nan daban ne, kore ne mai duhu, ya ɗan karkata zuwa ruwan ƙasa, kuma ba ya ƙyalli ko kaɗan. Muka ce to a nuna mana. Ya buɗe littafin tarihi, hoton ciki baƙi da fari ne. Ya ciro wayarsa, wadda gilashinta ya tsage gida huɗu, ta nuna mana wani kore kamar ruwan kududdufi. Malamin lissafi ya buɗe hoton nan dai a tasa wayar, ya fito ruwan ƙasa sosai. Malamar Turanci ta buɗe a tata, ya fito har da ɗan shuɗi-shuɗi. Hoto ɗaya, waya uku, launi uku, kuma kowa ya rantse wayarsa ce mai gaskiya, ta sauran ce jabu.

Kafin mako ya zagayo, ofishin malamai ya cika da masana tankar yaƙi. Mutanen da iyakar abin da suka sani na soja shi ne shingen kan hanya, kowa ya zama janar. Malamin noma ya ce launin ganyen waken suya ne in ya kusa nuna, a daina wahalar da yara. Malamar Turanci ta ce ita ta gani a fim. Har masinja ya ce yana da ra'ayi, ba a dai ba shi dama ba.

Malam ya tura mu tsinko ganye. Muka kawo na darbejiya, na dawa, na mangwaro, na gyaɗa, muka jera a kan benci kamar masu tallar magani. Ya riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya yana kaiwa bakin taga.

"Wannan ya cika fara'a," in ji shi, ya ajiye na mangwaro.

"Malam, ganye ma yana fara'a?" ƙawata ta tambaya.

"Yana yi. Tankar yaƙi kuwa ba ta murna. Ku nemo mini koren da ransa ya ɓaci."

Da ganye ya ƙare, ya kwashe mu ni da ƙawata zuwa shagon wani mai fenti a kasuwar Malumfashi. Bayarabe ne haifaffen garin, Hausarsa ta fi tamu gishiri. Ya saurari bayanin Malam har ƙarshe, hannu a haɓa, sannan ya ce, "Malam, ni kore uku gare ni a shagon nan. Akwai na ƙofa, akwai na tuta, akwai na akwatin ƙarfe. Wanne ne ya je Bama a cikinsu?"

"Ba ko ɗaya. Haɗawa za ka yi."

Mutumin nan ya yi haƙuri, in faɗi gaskiya. Ya zuba kore, ya ɗiga ruwan ɗorawa, ya ɗiga baƙi, ya juya, ya shafa a guntun kwali. Malam ya ce a ƙara baƙi. Ya ƙara. Ya ce ya yi yawa. Ya mayar da kore. Masu sayen fentin ƙofa suka yi layi a baya suna tsaki. Can dai aka sami wani abu da ya yi kusa, aka fitar da shi rana, sai ga shi yana walƙiya kamar goshin da aka shafa wa man gyaɗa.

"Ƙyalli!" Malam ya dafe kai. "Da wannan ai tun daga nesa abokan gaba za su hango ta su harbe."

"Tsakani da Allah, Malam," in ji mai fenti, "su wa za su harbe ta a Funtuwa?"

Muka dawo ba fenti. A lokacin masara ta fara bushewa a kan kara, ina kallonta ta tagar nan kullum, ita ma kamar tana kallona.

Ranar wata Asabar ina zaune a tsakar gida, Inna tana tankaɗen kuka a inuwa. Ina kallon garin yana sauka a kan faifai, sai na ƙura masa ido. Kore ne mai duhu. Ya karkata zuwa ruwan ƙasa. Ba ya ƙyalli. In dai ɓacin rai ake nema, ban taɓa ganin koren da ya kai shi ba. Na ɗebi kaɗan na ƙulle a leda.

Ƙullin nan ya daɗe a aljihuna. Kullum in na buɗe baki zan yi wa Malam magana sai in fasa. A ƙarshe ƙawata ce ta gaji da ni, ta fizge ta ajiye masa a kan benci. "Malam, ga abin da wannan take ta yawo da shi, ta ce launin tankarka ne."

Ya buɗe, ya sunsuna, ya ɗago kai a hankali. "Wato kina nufin daular Turawan da ta mallaki rabin duniya, da miyar kuka ta shafe tankokinta?"

Ya ɗauki ledar zai jefar, sai ya tsaya, ya kai ta bakin taga. Ya zuba a tafin hannu. Ya karkata ta dama, ya karkata ta hagu. Washegari ya shiga ofishin malamai ya ba da sanarwar cewa binciken da ya jima yana gudanarwa ya kai ga nasara.

Ba kwaikwayon launin ma za a yi ba, in ji shi, kukar ce da kanta za a shafa. Aka jiƙa ƙaro, aka tace, aka dama garin kuka a ciki. Ni aka ɗora wa kawo kukar, tunda a gidanmu aka gano ta. Da na gaya wa Inna abin da za a yi da ita, ta dakata da abin da take yi ta dube ni.

"Tankar taku tana shiga ruwa?"

"A'a, Inna, a kan tebur za a ajiye ta."

"To, Allah ya sa," ta ce, ta auna mini ta ci gaba da aikinta. Ni kuwa, mai ganin ƙananan abubuwa, wannan babban ya wuce ni.

Muka shafa, ta bushe, muka sake shafawa. Malam ya ce a kifa ta a shafe cikinta ta ƙasa, tsakanin ƙafafun, inda ke kallon tebur.

"Malam, wa zai leƙa ƙarƙashi?" in ji ƙawata.

"Tarihi zai leƙa."

Muka haɗa ido ni da ita. Muka shafa wa tarihi ƙarƙashinsa, har shafi biyu. Kuma duk shaƙiyancinmu, da ta bushe sai da muka jinjina mata. Ta yi kyau. Ta daina kama da kwali, ta koma wani abu mai nauyi, mai ban tsoro, wanda ya sha hanya. Aibinta ɗaya, duk wanda ya shigo ɗakin sai ya ji yunwa.

Ranar baje koli, ƙarshen damina ne, garin ya tashi da hadari. A cikin bas Malam ya ɗora tankar a cinyarsa, duk ramin da direba ya faɗa sai ya ce masa, "Direba, ka san abin da ka ɗauko kuwa?" A Funtuwa aka ba mu tebur a ƙarƙashin rumfar tamfol, can bakin gefe. Sai ga shi teburin da ke kusa da mu, na wata makarantar maza, su ma tanka suka haɗa. Tasu kore da fari da kore ce, tana sheƙi, an zagaye ta da ƙananan fitilu masu kunnawa da kashewa, in an danna wani wuri har jiniya take yi. Jama'a suka yi dafifi a kanta ana ɗaukar hoto. Tamu kuwa, da yake an yi launinta ne don kada a gan ta, aikinta ta riƙa yi da gaske. Ba wanda ya gan ta.

"Wannan ba tanka ba ce," Malam ya ce ƙasa-ƙasa, "motar 'yan siyasa ce."

Aka kece da ruwa, aka yi mai yawa, sannan ya ɗauke. Mu ba abin da ya taɓa mu. Amma da na ɗaga kai, na ga tamfol ɗin ya yi ciki, ruwa ya taru ya yi tumbi ba nisa da kanmu. Na kuma ga wani mutum cikin masu hayar rumfa yana tahowa da doguwar sanda, yana tokare kowane tumbi ta ƙasa don ruwan ya gangara gefe. Gefen kuwa mu ne. Na ce, "Malam," da wata murya da ni ma ban ji ta ba. Malam yana can yana harare-hararen fitilun maƙwabta.

Mutumin ya tokare. Ruwan ya sauko gaba ɗaya, bai zaɓi ko'ina ba sai teburinmu.

Malam ya yi tsalle ya rufa wa tankar hannun kaftaninsa, ya shiga gogewa. Duk macen da ta taɓa tsayawa a gindin murhu ta san abin da kuka ke yi in ta haɗu da ruwa aka kuma juya ta. Da ya ɗaga hannu, wani zare mai yauƙi ya biyo shi tun daga kan bindigar har gwiwar hannunsa. Farin kaftani ya koma abin da ya koma. Tankar da ta je Bama ta zauna a tsakiyar tebur tana dalala.

Daidai lokacin alƙalan gasar suka iso, wata Hajiya babba da wasu maza biyu. Hajiyar ta gyara tabarau, ta sa yatsa ta taɓa, ta ɗaga. Zaren ya biyo ta. Ta kai hanci.

"Ikon Allah," ta ce. "Malam, wannan ai saura daddawa. Ina tuwon?"

Rumfar ta ɗauki dariya, har 'yan makarantar fitilu suka danna jiniyarsu. Na dubi Malam. Mutumin da bai taɓa rasa abin gyarawa a maganar kowa ba, ya buɗe baki ya rufe. Ƙawata ma, uwar surutu, ta ɓuya a bayana, wai ni. Alƙalan suka fara matsawa gaba. Ni kuwa ba su nake gani ba, buhuna nake gani an jera har sun toshe taga.

Ban san lokacin da na sa hannu biyu na ɗauki tankar na kifa ta ba.

"Hajiya, ga launin nan."

Ta juyo. Ƙarƙashin a bushe yake ƙamas, ruwa bai kai can ba. Koren nan mai ɓacin rai yana nan yadda muka shafa shi.

"Me kika ce, 'yata? Ɗaga murya."

Na ɗaga. Na gaya mata hoton littafinmu baƙi da fari ne. Na gaya mata labarin waya uku da launi uku, da ganyen da ya cika fara'a, da mai fentin da korensa uku ba wanda ya je Bama. Na ce tankar gaske ba a yi mata fenti don ta burge kowa, ana yi ne don mutanen da ke cikinta su koma gida da rai, shi ya sa ba ta ƙyalli. Wannan maganar Malam ce, na sha jin ta har na haddace, amma ranar ne na fara jin ma'anarta, da ta fito daga bakina. Yauƙi yana bin yatsuna yana ɗiga a kan takalmina.

Ɗaya daga cikin alƙalan ya ce bari ya tabbatar. Ya ciro wayarsa ya nemo hoton, ya kara kusa da tankar. Wayarsa ta nuna launi na huɗu. Hajiya ta leƙa ta ce, "Alhaji, mayar da ita aljihu, yarinyar nan ta riga ta ba mu labarinka." Aka sake dariya, amma wannan karon ba mu ake yi wa ba.

Kada mai karatu ya ɗauka mun ci gasa. Tankar fitilu ce ta zo ta ɗaya, aka ba su kofi, suka zagaya fili da jiniya. Mu aka kira mu can ƙarshe, aka ba mu takardar yabo saboda amfani da kayan gida. Ko kalmar tarihi babu a jikinta. Malam ya karɓa da 'yan yatsu biyu, don sauran duk kuka ce.

Muka kamo hanyar dawowa har muka yi nisa. Can Malam ya juyo.

"Ashe kina magana."

"Ina yi, Malam."

"To." Ya dubi tankar da ke cinyarsa, ta bushe ta yi dabbare-dabbare. "Amma launin ya yi, ko?"

"Ya yi, Malam."

Ya gyaɗa kai ya juya wajen taga. Bai gyara mini komai a maganar ba.

Firinsifal ya karɓi takardar, ya duba gaba, ya juya baya, kamar mai fatan an liƙa kofin a can. Ya ce, "Na ce ku dawo da wani abu, kun dawo da rabin abu." Mutum ne mai adalci, don haka ya ba mu rabin ɗaki. Aka jera masara daga bakin ƙofa zuwa tsakiya, aka bar mana benci ɗaya da taswira da taga. Sai an yi gefe-gefe ake shiga, amma ana shiga. Har na gama makarantar a bakin tagar nan nake cin abincina, sai dai yanzu wasu lokuta har hira ake yi da ni.

Masara kuwa ba ta zo ita kaɗai ba, ta zo da ɓerayenta. Kafin a dawo hutu sun lashe tankar tas, sama da ƙasa, suka bar mana kwali da gwangwani. Malam ya tsaya a kanta ya ce a iya karatunsa, wannan ce tankar farko da ɓera ya ci da yaƙi.

Yanzu na girma, na ga inda fitilu da jiniya suka ci kofi ba sau ɗaya ba, na daina mamaki. Amma duk lokacin da nake kaɗa miyar kuka, sai na tuna cewa duk aikin da muka yi don idon mutane, ruwa guda ne ya wanke shi. Abin da ya tsaya mana shi ne wurin da muka shafa muna gunaguni, muna cewa ba mai leƙawa. Tun daga ranar, duk aikin da aka ba ni ina gyara ƙarƙashinsa. In kuma na ga ruwa ya taru a saman kan mutane, ina faɗa da muryar da za a ji.